Kowa Cewa Yake Zai Tattala Kuɗin Jama'a: Me Ake Nufi Da Haka A Zaɓen Gundumomin Amurka?

Idan ɗan takara ya tsaya gaban mutane ya ce shi mai tsantseni ne da kuɗin jama'a, me yake nufi takamaimai, kuma ta yaya mai jefa ƙuri'a zai gane ko da gaske yake? Wannan tambayar ce take dawowa duk sanda zaɓen gundumomi ya zo a Amurka, don kusan babu wata fosta ko takardar kamfen da za ka ɗaga baka ga wannan alƙawarin a jiki ba, ɗan Republican yana faɗa ɗan Democrat yana faɗa, wanda yake kan kujera yana faɗa mai son ture shi ma ita yake faɗa. Mu nan yawanci zaɓen shugaban ƙasarsu muka sani, shi muke kwana muna kallo, amma kuɗin da ya fi taɓa rayuwar mutum ta yau da kullum a can, a wannan ƙaramin zaɓen da ba kowa yake fita ba ake yanke hukuncinsa. Kuma abun da mutane suka fi kuskurewa, har su Amurkawan kansu, shi ne ɗaukar da suke yi cewa duk wanda bai ƙara haraji ba to shi ne mai tattali. Ba haka bane sam.

Wace ce gundumar tukunna, me take yi?

Gunduma, wato abun da suke kira kaunti, ita ce matakin da yake ƙasa da jiha, kuma akwai su sama da 3,000 a faɗin ƙasar. Basu da girma ɗaya ko kaɗan, gundumar Los Angeles tana da mutum kusan miliyan 10, ta fi jihohi da yawa jama'a, ita kuwa gundumar Loving a jihar Texas mutum 64 aka samu a ƙidayar 2020. Wasu jihohin ma kamar Connecticut da Rhode Island basu da gwamnatin gunduma kwata-kwata.

Majalisar kwamishinoni ce take riƙe da gundumar, ita take yin kasafin kuɗi, sau da yawa mutum uku ko biyar ne kacal. Amma ga inda suka bambanta da abun da muka saba: a wurare da yawa ma'aji zaɓensa ake yi kai tsaye, mai ƙiyasta darajar gidaje don haraji zaɓensa ake yi, shugaban 'yan sandan gunduma zaɓensa ake yi, babban mai gabatar da ƙara shi ma haka. Kenan kowannensu yana da tasa ƙuri'ar, ba yaron kwamishinoni bane, basu isa su kore shi don sun ga dama ba. Ka riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Aikin gunduma kuwa shi ne irin wanda ba a tunawa da shi sai ya tsaya: gidan yari, kotuna, hanyoyin karkara da gadoji, asibitin marasa galihu, rigakafi, rajistar haihuwa da ta filaye, gudanar da zaɓe, a wasu wuraren har da ruwa da magudanar ƙazanta.

Kuɗin daga ina suke zuwa?

Ginshiƙin shi ne harajin gida da fili. Ana ƙiyasta darajar gidanka a riƙa cajinka wani kaso duk shekara, takarda ce take zuwa da sunanka da adadin, shi ya sa ya fi kowane haraji ciwo. Ɗan haya ma yana biya, sai dai shi cikin kuɗin haya ake cusa masa ba tare da ya gani ba. Sai harajin saye da sayarwa, sai kuɗin lasisi da tara, sai kuma kason da jiha da tarayya suke turowa wanda yawanci a ɗaure yake zuwa, an riga an ce na kaza ne.

Toh matsalar ita ce hannun gunduma a ɗaure yake ta fuska biyu. Jiha ce take ɗora mata ayyuka na dole, ba zata ce bana ba zata ciyar da fursunoni ko ba zata yi zaɓe ba. Sannan jihar ce dai take iyakance mata harajin da zata iya karɓa. Misalin da ya fi shahara shi ne dokar da mutanen Kaliforniya suka kaɗa wa ƙuri'a a 1978, wadda ake kira Proposition 13, ta tsayar da harajin gida a kashi 1 cikin ɗari na darajarsa, ta kuma hana ƙiyasin darajar tashi sama da kashi 2 a shekara sai in an sayar da gidan. A Colorado tun 1992 ba a ƙara haraji sai an tambayi masu zaɓe. Ga shi kuma yawancin jihohi sun wajabta wa gundumomi kasafin da shiga da fita suka daidaita, ba kamar gwamnatin tarayya da take cin bashi duk shekara don cike giɓi ba.

Kaga kenan ɗan takarar da yake ihun zai zaftare kashe kuɗi, in ya shiga ofis sai ya tarar mafi yawan kasafin albashi ne da fansho da ayyukan dole da biyan tsohon bashi, abun da ya rage masa ya juya ɗan kaɗan ne.

Bakin kowane ɓangare

Masu ra'ayin rage haraji cewa suke gwamnati bata taɓa cewa ta ƙoshi, in ka bata ƙari zata samo abun kashewa, kuma tsoho ɗan fansho da ya gama biyan gidansa tun tuni bai kamata haraji ya kore shi daga ciki ba don kawai unguwar ta yi tsada. Wannan magana ce mai ƙarfi, ba a raina ta. Ɗaya ɓangaren kuma cewa suke gadar da baka gyara bana ba zaka gina sabuwa baɗi da ninkin kuɗin, mai taɓin hankalin da ka rufe asibitinsa a gidan yari zai ƙare kuma can ɗin ya fi tsada, don haka ƙin kashe kuɗi yau ba tattali bane, tura bashin gaba ne kawai. Su ma da gaskiyarsu.

Ni dai a ganina duk su biyun suna tsallake abu na uku, wanda shi ne yake karya gundumomi a zahiri. Masu zaɓe suna son aiki, basa son haraji, to ɗan siyasar da ya samo dabarar basu duka biyun shi suke sake zaɓa, kuma dabarar nan kusan kullum bashi ne ko caca da aka ɓoye a inda ido baya kaiwa.

Ma'ajin Orange, wanda mutane suka zaɓa wata shida kafin rugujewa

Gundumar Orange a Kaliforniya wuri ne na masu hali, kuma a lokacin matattarar 'yan Republican ce, mutanen da suke alfahari da ƙin haraji. Ma'ajinsu Robert Citron ɗan Democrat ne, amma ya shafe sama da shekara 20 a kujerar suna ta sake zaɓensa, kuma dalilin ba ɓoyayye bane, yana kawo musu riba. Yana riƙe da wani asusun haɗaka da gundumar da birane da hukumomin makarantu da na ruwa kusan 200 suke zuba kuɗinsu a ciki, kimanin dala biliyan 7.5, kuma ribar da yake samarwa ta fi ta asusun jiha. Tunda dokar 1978 ta toshe hanyar ƙarin haraji, wannan ribar ce take cike giɓin kasafi, kwamishinoni suna murna babu mai tambaya.

Yadda yake yi kuwa, kamar mutumin da 'yan unguwa suka ba ajiyar kuɗi ne, ya sayi kaya da su, ya jinginar da kayan ya karɓo bashi, ya ƙara sayen wasu kayan ya sake jinginarwa, duk a kan zaton farashi ba zai faɗi ba. Da haka Citron ya mayar da biliyan 7.5 ta koma jarin kusan biliyan 20, yawanci a takardun lamunin da suke riba in kuɗin ruwa ya tsaya ƙasa, suke asara in ya tashi.

A watan Fabrairun 1994 Babban Bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, sau shida ya ɗaga a shekarar, daga kashi 3 zuwa 5.5. A daidai wannan lokacin ne wani akanta mai suna John Moorlach ya fito takara da Citron, kuma kamfen ɗinsa gaba ɗaya a kan wannan ne, yana cewa asusun nan caca ne kuma zai iya jawo asarar biliyoyi. Aka ce siyasa ce, aka ce yana ɓata wa gundumar suna a idon masu bata bashi. A zaɓen watan Yuni Citron ya lashe da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ranar 6 ga Disambar wannan shekarar gundumar Orange ta je kotu ta ayyana karyewa, asarar ta kai wajen dala biliyan 1.6, a lokacin babu wata ƙaramar gwamnati a tarihin Amurka da ta taɓa faɗuwa irin haka.

Citron ya yi murabus, ya amsa laifuka shida a 1995, har shaida aka bayar gaban masu bincike cewa yana tuntuɓar masu duban taurari kan harkar kasuwa, abun dariya abun takaici. Moorlach ɗin da aka ƙi shi aka naɗa ma'aji. Kamfanin Merrill Lynch da ya sayar masa da yawancin takardun ya biya dala miliyan 400 a sulhun 1998. Amma ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne abun da masu zaɓen suka yi bayan nan. A Yunin 1995 an kawo musu shawarar ƙara rabin kashi ɗaya a harajin saye da sayarwa don a fita daga ramin, suka yi fatali da ita da gagarumin rinjaye. Toh sai aka rage ma'aikata, aka zaftare ayyukan da marasa galihu suka dogara da su, aka karkatar da kuɗin sufuri da na wuraren shaƙatawa da na kare ambaliya zuwa biyan bashi, aka sake cin wani bashin don biyan na farko, wanda ba a gama biyansa ba sai 2017. Yaron da aka haifa shekarar da abun ya faru sai da ya haura shekara 20 ana biya.

Ka lura, a duk tsawon shekarun Citron in da ma'aunin tattali shi ne rashin ƙarin haraji, to gundumar Orange ce zakara.

Jefferson: bashin da baya cikin takardar haraji

Gundumar Jefferson a Alabama, inda birnin Birmingham yake, tata hanyar daban ce. A 1996 ta amince a gaban kotu zata gyara magudanar ƙazantarta da take malala cikin koguna. Aiki ne na dole, babu musu. Amma kuɗin aikin ya yi ta kumbura saboda kwangilolin da aka cika da cin hanci, har bashin magudanar ya haura dala biliyan 3. Don kada biyan wata-wata ya yi yawa a idon jama'a sai aka sauya bashin zuwa mai kuɗin ruwa mai hawa da sauka, aka ƙulla wasu yarjejeniyoyi masu sarƙaƙiya da bankuna irin su JPMorgan, waɗanda su kansu kwamishinonin da wuya in sun fahimce su. Rikicin kuɗi na 2008 yana zuwa komai ya watse.

Irin wannan bashin ba da haraji ake biyansa ba, da bil ɗin masu amfani da magudanar ake biya. Kenan ɗan siyasa zai iya rantsewa bai ƙara haraji ko sisi ba kuma gaskiya ya faɗa, alhali bil ɗin ruwa da ƙazanta ya ninka sau da dama, kuma bil baya duba ko kai mai kuɗi ne ko talaka. An ɗaure kwamishinoni daga jam'iyyun biyu, fitaccen cikinsu Larry Langford, wanda ya shugabanci majalisar kafin ya zama magajin garin Birmingham, shekara 15 aka yanke masa kan karɓar kuɗi da tufafi da agogo na sama da dala dubu 200. JPMorgan kuma a sulhunsa da hukumar kula da hannayen jari a 2009 ya biya dala miliyan 75 ya kuma haƙura da wasu miliyan 647 da yake bi.

Kamar hakan bai isa ba, a 2011 kotun ƙolin jihar ta soke wani harajin albashi da gundumar take dogaro da shi sosai, kuma a tsarin Alabama gunduma bata da ikon ƙirƙiro wani da kanta sai majalisar jiha ta yarda, ita kuwa bata yarda ba. A Nuwamban 2011 Jefferson ta ayyana karyewa da bashin sama da dala biliyan 4, ta ɗara Orange, sai Detroit ce ta zo ta wuce ta a 2013. Asibitin Cooper Green da talakawa suke zuwa ya daina kwantar da marasa lafiya a ƙarshen 2012.

Cook: a soke haraji a ci zaɓe, a dawo da shi daga baya

Wannan ba karyewa bace, amma ta nuna yadda alƙawarin yake yi in ya haɗu da lissafi. A gundumar Cook, inda Shikago take, shugaban majalisa Todd Stroger ya ƙara kashi 1 a harajin saye da sayarwa a 2008, mutane suka fusata. Toni Preckwinkle ta kayar da shi a zaɓen fidda gwani na 2010 da alƙawarin soke ƙarin, kuma ta cika, an janye shi a hankali. A 2015 ita ɗin dai ta dawo da shi cif, saboda asusun fanshon ma'aikata yana da ramin biliyoyi. Daga baya ta kawo harajin lemon kwalba, senti ɗaya a kowane awon oza, ya fara aiki a Agustan 2017, kafin shekarar ta ƙare an soke shi saboda hayaniya, sai aka koma sallamar ma'aikata.

Fansho shi ne wurin ɓuya mafi sauƙi. In ma'aikata sun nemi ƙarin albashi babu kuɗi, sai a ce to a haƙura za a ƙara muku fansho, wanda ba a wannan kasafin zai fito ba, sai bayan shekara 20 lokacin wanda ya sa hannu ya daɗe da barin ofis. In kuma kasafin ya matse sai a rage abun da ake zubawa a asusun, a takarda kasafi ya daidaita, a gaskiya kuwa an ci bashi ne daga tsofaffin gobe.

To me mai zaɓe zai duba?

Abubuwan basu da daɗin ji, shi ya sa basa hawa fosta. Na farko ajiyar ko-ta-kwana, ƙungiyar jami'an kuɗin gwamnatocin Amurka tana ba da shawarar a riƙe aƙalla kuɗin gudanarwa na wata biyu, gundumar da take cinye ajiyarta don kada ta ƙara haraji a shekarar zaɓe ta riga ta faɗa maka halinta. Sai a duba ko ana biyan albashi da kuɗin da sau ɗaya zasu shigo, kamar sayar da fili ko tallafi. Sai bashin, wane iri ne, kuɗin ruwansa a tsaye yake ko yana yawo, da me za a biya shi. Kamfanoni irin su Moody's da S&P suna ba gundumomi maki kan ƙarfinsu na biyan bashi, amma kada a dogara da su ɗari bisa ɗari, Orange makinta mai kyau ne har gab da faɗuwarta. Kuma in ɗan takara ya ce zai rage kashe kuɗi, tambayar guda ɗaya ce, wane layi a kasafin, na 'yan sanda ko na asibiti ko na hanya? Yawancinsu a nan suke fara in-ina su koma maganar almubazzaranci ba tare da nuna inda yake ba.

Wani abun kuma, waɗanda suka fi fita irin wannan zaɓen masu gidaje ne da dattawa, wato masu karɓar takardar harajin a hannu. Ɗan haya da mai aikin dare da wanda yake dogaro da motar haya ta gwamnati basu cika fita ba, kuma su ne suke fara ji a jika in an zo yanka.

Ina ya haɗu da namu?

A wuri ɗaya ne nake ganin kwatancen yana da amfani. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Najeriya na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye ake ta maganar 'yancin gashin kai. Bambancin shi ne a Amurka kuɗin daga aljihun mai zaɓe yake fita kai tsaye shi ya sa yake sa ido, har ya wuce gona da iri wani lokacin, mu kuwa kashi 20.6 na asusun tarayya ne yake zuwa daga Abuja, mutum baya jin nasa ne, ga zaɓen ciyamomi da jam'iyyar gwamna take cinye kusan duka. Amma Orange da Jefferson sun nuna cewa ko an samu 'yancin da zaɓe na gaske, in mutum ɗaya ko biyar suke juya asusu babu mai karanta takardun, to ɓarnar tana nan.

Kuɗin korona da suke ƙarewa

Abun da zai sa wannan gardamar ta ƙara zafi a zaɓukan gundumomi shi ne tallafin 2021. A dokar farfaɗo da tattalin arziki bayan korona gwamnatin tarayya ta ware dala biliyan 350 ga jihohi da ƙananan gwamnatoci, gundumomi kaɗai suka samu biliyan 65.1, kuɗin da wasunsu basu taɓa ganin irinsa a dunƙule ba. Sharaɗin shi ne a ƙulla yadda za a kashe su kafin ƙarshen 2024, a gama kashewa zuwa 31 ga Disambar 2026. Waɗanda suka sa nasu a bututun ruwa da intanet da gyaran gini, aikin ya ƙare kuɗin ya ƙare, shikenan, sai ɗan kuɗin kulawa. Waɗanda kuma suka ɗauki sababbin ma'aikata ko suka buɗe shirye-shiryen da sai an ci gaba da biya duk wata, su ne yanzu dole su zaɓa, ko su ƙara haraji, ko su rufe shirin da mutane suka riga suka saba da shi, ko su taɓa ajiya su tura maganar zuwa bayan zaɓe.